Sawun da Na Share a Kan Dutse

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna tare da ku, manya da yara, har da masu leƙowa ta taga da ba su shigo ba.

Sunana Ayuba, mushen lakwal, wato malamin makaranta, yawancinku kun san ni. Na kuma san waɗansunku sun daɗe suna satar kallon ƙafata ta hagu in na tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Yara ma ba sa ɓoyewa, da ƙarfi suke ƙirga yatsun. To, yau fasto ya ba ni dama, zan hutar da ku. Ba kura ce ta ci su ba, ba kuma jirgi ne ya taka ni ba kamar yadda ake faɗa a kasuwar Dakoro. Zargi ne ya ci mini yatsu biyu, kuma da Ubangiji bai tare ba da ni duka zai cinye.

Kakata, Inna Delu, ita ta rene ni a wani ƙauye ta wajen Korahane. Ina ƙarami aka yi rigimar rijiya tsakanin gidanmu da gidan wani mai raƙuma, Bawa. Kowa ya ce kakansa ne ya gina ta. Har gaban kumandan, Baturen mulki, aka je, aka dawo ba a shirya ba. Damina ba ta zagayo ba sai ƙanen babana, Nomau, ya ce ba ya jin ƙafarsa. Ta kumbura, ta yi baƙi, ya rasu. Ba wanda ya tsaya tambayar mene ne, don an riga an yanke: mutanen Bawa sun ɗebi ƙasar sawunsa a bakin rijiya sun kai wa boka.

Tun daga ranar Inna Delu ta kafa mini doka. Kada in yarda ɗan gidan Bawa ya bi bayana. Kada in ci abin hannunsu. In na taka rairayi inda suke wucewa, in karyo reshen sabara in ja a bayana. Ta kuma sa aka ɗinka mini laya cikin jan fata, ta ɗaura mini a idon sawun hagu da hannunta. Ta ce muddin tana nan, ko sun ɗiba ba zai ci ba.

Da aka kai ni lakwal a Maradi na ji bishara, na ba da gaskiya, aka yi mini baftisma. An tsoma ni a ruwa na fito ina waƙa. Amma bari in gaya muku abin da fastonmu na lokacin bai sani ba: da safe na kwance layar na ɓoye cikin aljihu, da yamma na mayar da ita wurinta. Bakina na Yesu ne, ƙafata kuwa tana hannun Inna Delu.

Ƙasarmu ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, ana neman malamai ido rufe, sai aka ba ni bursi, wato tallafin karatu, zuwa Faransa, wani gari a gindin duwatsu. Abokan tafiyata sun yi ta mamakin benaye da fitilu. Ni abin da ya burge ni siminti ne. Ka wuni kana yawo, ka waiga, babu sawu ko ɗaya! Na ce a raina, Allah ya raba ni da gidan Bawa.

Ashe da sauran rina a kaba. Ban yi wata ba, ina cin abinci a ɗakin cin abincin ɗalibai, sai na ji an yi mini sallama da Hausa, Hausar ma irin tamu. Na ɗaga kai, ga wani dogon baƙin saurayi yana murmushi. Ya ce sunansa Idi, yana karatun likitan dabbobi, shi ɗan Bawa ne na wajen Korahane, kuma ya gane ni tun daga tafiyata. Tun daga tafiyata! Cokalin da ke hannuna sai da ya faɗi.

Ku gaya mini, ƙasar Faransa da faɗinta, me zai kawo ɗan Bawa gari ɗaya, gida ɗaya da ni? Na ce ba banza ba, turo shi aka yi. Ya kawo mini kilishi da aka aiko masa, na karɓa da hannu biyu na yi godiya, na zuba wa karen mai gadi, na yi kwanaki ina duba karen ko zai mutu. Kare ya ƙara ƙiba. Wannan bai kwantar mini da hankali ba, na ce ai ba da sunan kare aka haɗa ba. In muka fita tare, sai in tsaya ɗaurin takalmin ƙarya har ya wuce gaba. Shi kuwa ba ya fushi, sai dai ya yi dariya ya dube ni ya ce, "Ɗan garinmu, kai dai ba ka son mutane." Ko wannan dariyar tasa ina fassara ta.

Da hutun ƙarshen shekara ya zo, wani dattijon Bafaranshe mai suna Mushe Andire, wanda ya saba kai ɗaliban ƙasashen waje yawon dutse, ya ce zai tafi da masu so. Za a yi kwanaki ana tafiya a ƙasa, ana kwana a bukkokin da aka gina can sama don matafiya. Na sa sunana, da niyyar in huta da ganin Idi. Ranar tashi na iso tasha, ga shi zaune a kan jakarsa yana ɗaga mini hannu.

Na so in koma, kunya ta hana ni. Takalman hawan dutse ma aro na yi wurin wani ɗalibi, tsofaffi ne, ɗinkin na hagu ya fara buɗewa a gefe, kuma sun matse ni. Da laya a ciki matsin ya ƙaru. Na ɗaure igiyar tamau, na ce ƙafa za ta saba.

Kwanakin farko, 'yan'uwa, na ga aikin Allah. Ruwa na gangarowa daga sama ba mai tare shi, ba mai faɗa a kansa. Shanu da ƙararrawa a wuya, kowace ta ƙoshi har tana tafiya da ƙyar. Idi ya yi ta tsayawa yana shafa su yana yi musu magana da Hausa, Turawan da ke tare da mu na dariya. Ni ban more komai ba. Idona na kan inda yake. In ya yi baya, in rage sauri. In ya rage, in zauna. Hanyar dai dutse ce da ciyawa, ba ta riƙe sawu, wannan ne ya ɗan ba ni sauƙi.

A bukka kowa kan tuɓe takalmi ya shanya ƙafa a bakin murhu. Ni ban tuɓe ba. Yaya Kirista mai ɗauke da Littafi a jaka zai tuɓe a ga laya? Kuma a gaban wa, ɗan Bawa? Na ce musu sanyi nake ji. Idi ya miƙo mini wani ɗan gwangwani na man shafawa, ya ce ya ga ina ɗingishi, in shafa. Na ce lafiyata lau. Ƙafar kuwa tana yi mini zugi kamar an sa garwashi, amma na gwammace zugin da man hannunsa.

Da muka ƙara hawa sai zugin ya daina. Na yi murna, na ce ta saba.

Sai muka iso inda dusar ƙanƙara ba ta narkewa ko da rani. Fari fat, iyakar ganinka. Na sa ƙafa, na ɗaga, na duba. Ban taɓa ganin sawu irin wannan ba. Rairayin Korahane ko iska ta hura ya ɓace, wannan kuwa har ƙusoshin takalmina sun fito ɗaya bayan ɗaya. Mushe Andire ya jera mu, ya ce a nan doka ɗaya ce: kowa ya sa ƙafarsa daidai cikin sawun na gabansa, kada ya kauce. Ya sa ni a tsakiya. Ya sa Idi a bayana.

Ina tafiya ina jin shi. Na ɗaga ƙafa, ya sa tasa. Na ɗaga, ya sa. Abin da Inna Delu ta yi shekaru tana tsare ni daga gare shi, ga shi Bature ya ba shi da bakinsa. Gumi ya jiƙa ni cikin wannan sanyi.

Can na waiga. Na gan shi durƙushe. Ya cire safar hannu, ya sa yatsu cikin sawuna na hagu, ya ɗebo ƙanƙarar, ya kai kusa da idonsa yana dubawa. Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba.

Da aka tsaya hutawa wajen azahar, na ga ya ja Mushe Andire gefe, ya buɗe masa tafin hannu, suna magana ƙasa-ƙasa suna dubana. Na ce to, har Baturen ma an saye shi. Sai Idi ya zo ya tsuguna gabana.

Ya ce, "Ayuba, tuɓe takalmin nan in ga ƙahwarka."

Na ce ƙafata ba ruwansa.

Ya ce, "Akwai jini cikin sawunka. Tun da muka hau ƙanƙara nike ganin shi. Ba ka jin komi?"

Na motsa yatsuna cikin takalmi. Ban ji su ba. Na buga ƙafar a dutse, kamar ta wani. Jini ba ciwo, ƙafa ba ji. Haka ta Nomau ta fara. Na dubi Idi na ce a raina, wato aiki ya ci, ka zo ka duba ko ya nuna. Mushe Andire ma ya matso ya ce lalle in tuɓe, in ba haka ba za mu juya zuwa bukka mafi kusa. Na ce su ba ni ɗan lokaci in kewaya bayan dutse.

Daidai nan gajimare ya sauko ya rufe mu. A can sama haka yake yi, ba sallama. Ka miƙa hannu ba ka ganin yatsunka sosai. Na ce Allah ne ya ba ni mafita. Tun da safe na riga na hango wani ƙauye can ƙasa, na ɗauka in na miƙe gangare zan isa. Na tuɓe babbar rigar sanyina, na kama hannunta ɗaya, na ja ta a bayana tana share sawuna, yadda nake yi da reshen sabara. Ina jin suna kiran sunana. Muryar Idi ta fi ta kowa ƙarfi, ita ta ƙara mini sauri.

Ban san iyakar tafiyar da na yi ba. Ƙafar da ba ta ji ba ta san inda take taka ba. Sai kawai na ji ƙasa ta gudu daga ƙarƙashina, na yi ta gangarawa, rigar ta kuɓuce, na bugu da wani dutse na tsaya a gindinsa. Na yunƙura in tashi, gwiwa ta ƙi. Na yi ihu, na yi ihu, muryata ta dawo mini ita kaɗai.

Sanyi ya fara shiga ƙashina. Na tuna Mushe Andire ya ce mana wanda yamma ta riska a nan ba riga, ba ya ganin safiya. Na ji tsoro, tsoro na gaske, irin wanda ban taɓa ji ba.

Sai na fara addu'a. Kun san me na roƙa? Na ce, Ubangiji, ka karya asirin gidan Bawa, ka mayar musu da abinsu. Na faɗa, na maimaita, har haƙorana suka hana ni magana. Shiru. Barci ya fara fizgata, mai daɗi, kuma an gaya mana wannan barcin ba a tashi daga shi.

Cikin wannan shirun ne tambaya ta faɗo mini a zuciya. Ban ji murya da kunne ba, kada in ƙara gishiri, amma na san ba tunanina ba ne. Wa zai same ka a nan? Ta ina za a bi? Kai da hannunka ka share hanya.

Na fashe da kuka. Na ga Turawan nan ba za su same ni ba, sawu suke nema, babu shi. A duk dutsen nan mutum ɗaya ne ya taso yana bin raƙuman da suka ɓace, mutum ɗaya ne ya san tafiyata tun daga nesa. Shi ne wanda na gudu dominsa. Na ce, Yesu, na kira ka Ubangiji amma ban taɓa ba ka ƙafar nan ba. Ga ta, ka karɓa. Ka gafarta mini. Ka buɗe idon Idi ya ga sawuna.

Ni jikan Inna Delu, ina roƙon Allah ɗan Bawa ya ga sawuna! Ko ni da na faɗa sai da na ji abin banbaraƙwai. Amma ina faɗa, wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Sanyin bai ragu ba, gwiwar ba ta warke ba, tsoron ne kawai ya tafi.

Haske bai gama gushewa ba na ji ƙanƙara na zubowa daga sama, sai ga mutum yana saukowa da igiya a ƙugu, riƙe da rigata. Idi ne. Mushe Andire da sauran suna can sama sun riƙe igiyar. Idi ya iso wurina. Ya rufa mini rigar, ya ƙara da tasa, ya zaro wuƙa. Da jiya ne na ga wuƙar nan a hannunsa, da na suma. Na miƙa masa ƙafar da kaina.

Ya yanke igiyar takalmin, ya tsaga safar da ta daskare da jini. Ga laya. Takalmi ya danna ta har ta nutse cikin nama, ta yi rami, zarenta ya shaƙe idon sawun da ya kumbura, jini ba ya sauka. Yatsun sun yi fari kamar kitse. Abin da aka ɗaura mini don tsare ƙafa, shi ke kashe ta.

Idi ya tsinke zaren, ya juya layar a hannunsa. Na jira ya yi mini dariya, ko ya ce ina Kiristancin. Sai ya ce, "Ta Inna Delu ce?"

Na ce ita ce.

Ya ce, "Ni ma tawa kakar ta ba ni guda, don kai. Ta ce mutanen gidanku ba su da imani, in yi hattara da sawuna. Sai dai ni cikin jaka na bar tawa."

Sannan ya ɗage rigarsa ta ciki, ya ɗauki ƙafar nan tawa mai jini da sanyi ya manna a cikinsa, ya rufe da hannu biyu. Na ga yadda sanyin ya sa ya runtse ido, bai sake ta ba. Na tambaye shi yadda ya same ni alhali na share. Ya ce Turawa sun yi ta neman sawu ba su gani ba, shi kuwa sharar ya nema. "Tun da nike ban taɓa ganin iska ta share hanya guda miƙe, faɗin riga ba. Na ce wagga sharar ɗan Dakoro ce. Ɓarayin raƙuma ma tabarma sukan ja, sun hi ka iyawa."

Na yi dariya ina kuka. Na ce ya yafe mini. Ya ce in bari sai mun sauka, yanzu in dai ci gaba da magana kada in yi barci.

Da igiya suka jawo ni, suka yi ta karɓa-karɓa da ni a baya har bukka, Idi ya fi kowa ɗauka. Washegari aka sauko da ni gidan likita. Lokotoro ya ce yatsu biyu sun riga sun mutu, sai an cire. Ya ce da an ƙara jinkiri da ƙafar duka za a yi magana. Layar kuwa Idi ya kawo mini ita naɗe cikin ƙyalle, ya ce kayana ne, ba zai yar mini ba. Ranar da na fara takawa da sanda na jefa ta cikin murhun da ke ɗumama ɗakin. Warin fata kawai ta yi.

Ban san abin da ya kashe Nomau ba. Idi ya ce wataƙila ƙaya ce ta ruɓe a ciki, wataƙila wani ciwo ne. Ni dai na san babu wanda ya tuɓe masa ya duba, kowa na can yana duban gidan Bawa.

Da na dawo gida na zauna gaban Inna Delu na tuɓe takalmi. Ta ga babu laya, ta ga babu yatsu, ta ɗora hannu a ka ta ce ai ga shi nan, ta faɗa. Na ba ta labari tun daga farko har yadda Idi ya manna ƙafata a cikinsa. Ba zan yi muku ƙarya in ce ta tuba ba. Har ta rasu, in na kai mata ziyara na juya, ina jin tsintsiyarta a bayana. Amma da Idi ya zo yi wa dabbobin ƙauyen allura, ita ta dama fura ta aika masa, ta kuma tsaya daga zaure tana leƙe ta ga ko zai sha. Ya shanye, ya aiko a ƙaro.

Idi yana nan yana sallarsa har yau, ni ina nan tare da ku. Ubangiji bai shawarce ni a kan wanda zai aiko ba. Na roƙe shi ya hallaka mutum, shi kuwa ya ɗora ƙafata a kan cikin mutumin.

'Yan'uwa, na san a ɗakin nan akwai mai abu ɗaure a ƙugu, ko a damtse, ko cikin matashin kai. Ba na nuna kowa, ni ma na daɗe ina waƙa da tawa a ƙafa. Na san akwai wanda in maƙwabci ya kawo masa tuwo sai ya fara ba kare. Ina roƙonku, ku kwance tun ba ta nutse cikin nama ba. Ku ba Yesu wurin da kuka hana shi, ya isa ya tsare.

Yanzu duk Dakoro ba mai sawu irin nawa. Yatsu uku a hagu, ko yaro ya gani ya san mushe Ayuba ya wuce nan. Da takalmi a hannu na zo yau. In an tashi ku duba rairayin bakin ƙofa, yana nan tun daga gidana har nan, ban share ba. Mai so ya ɗiba.

Godiya da ɗaukaka ga Ubangiji wanda ya neme ni inda na ɓatar da hanya da hannuna. Cikin sunan Yesu, amin.